Yadda ake auna haɗarin zaftarewar dusar ƙanƙara kafin a shiga tsaunukan Alps

Tun da hunturu ya kama, tambaya ɗaya ake ta maimaita mini, musamman daga 'yan'uwa ɗalibai da ma'aikata da ke zaune a Innsbruck ta Ostiriya da Grenoble ta Faransa da Zurich ta Suwizalan. Abokan aiki sun gayyace su hawan tsauni a wajen filayen zamiya a kan ƙanƙara (ski) da ake kula da su, to ta yaya mutum zai san wurin ba zai rufto masa ba? A tsaunukan Alps, zaftarewar dusar ƙanƙara tana kashe mutum kusan 100 a kowace shekara, kuma a cikin goma wajen tara su ne suka tayar da ita da ƙafarsu, ko wani daga cikin ayarinsu. Ba daga sama take faɗo wa mutane haka kawai ba. Mutum ne yake taka inda bai kamata ba.

Kafin matakan, sai ka fahimci abin da yake zaftarewa. Ƙanƙarar da ke kwance a tsauni hawa-hawa take, kowace zuba da tata shimfiɗar. Ka ɗauki allo ka ɗora a kan gero da aka baza, sannan ka karkata tabarmar: allon zai sulale gaba ɗayansa. Haka lamarin yake. Akwai shimfiɗa mai kama jiki a sama, wadda zan riƙa kira allo, akwai kuma mai rauni a ƙarƙashinta. Nauyin mutum ɗaya ya isa ya karya mai raunin, karayar ta bazu, allo mai faɗin filin ƙwallo ya taso da gudun da kan wuce kilomita 100 a awa. Abu uku ne suke haɗuwa: allo, shimfiɗa mai rauni, da gangare mai tsauri. Duk aikin da ke ƙasa neman waɗannan ukun ne.

1. Kayan aiki da kuɗinsu

Abu uku dole ne kowane mutum ya riƙe nasa. Na farko na'urar neman wanda ya binne, wadda masu jin Jamusanci ke kira LVS, a Faransa kuma DVA. Duk kamfanoni a mita ɗaya suke aika sigina, kilohaz 457, saboda haka ta wani kamfani tana jin ta wani. Ka sayi mai eriya uku. Sabuwa tana kamawa daga Yuro 250 zuwa 450. Na biyu sanda mai naɗewa da ake sokawa a ƙanƙara don laluben wanda ya binne, tsawonta kada ya gaza santimita 240. Na uku shebur na ƙarfen alminiyam. Kowanne daga cikin biyun nan za ka samu tsakanin Yuro 40 zuwa 90. Shagunan kayan tsauni da ƙungiyoyin masu hawa suna bayar da hayar ukun a haɗe, kuma ga mai fita sau ɗaya ko biyu a shekara haya ta fi.

Gargaɗi: kada ka sayi shebur na roba don araha. Ƙanƙarar da ta zaftare tana daskarewa kamar busasshiyar laka, roba lanƙwashewa take yi. Akwai kuma jakar baya mai kumburowa, wadda ke rage yiwuwar binnewa, farashinta daga Yuro 500 zuwa sama. Ba ta maye gurbin ukun farko, kuma ba ta hana mutum buguwa da itace ko dutse.

2. Karanta rahoton haɗari tun daren jiya

Wannan ne matakin da ya fi kowanne nauyi, kuma a ɗaki ake yin sa. A Suwizalan, cibiyar binciken dusar ƙanƙara ta SLF da ke Davos tana fitar da rahoto ƙarfe 5 na yamma, ta sabunta shi ƙarfe 8 na safe. Yankin Tirol na Ostiriya da maƙwabtansa na Italiya suna da rahoto na haɗin gwiwa, a Faransa kuma hukumar hasashen yanayi ta Météo-France ce ke fitarwa. Duk kyauta ne a intanet. Tun 1993 ƙasashen Turai suke amfani da ma'auni ɗaya mai mataki 5: na 1 kore, na 2 ruwan ɗorawa, na 3 ruwan lemo, na 4 ja, na 5 ja da baƙi.

Kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne su ga 3 su ce tsaka-tsaki ne, tunda 3 ce a tsakiyar 5. Wajen rabin waɗanda suke mutuwa a mataki na 3 suke mutuwa, kusan kashi 30 cikin 100 kuma a mataki na 2. A 4 da 5 kowa yana ganin haɗarin da idonsa, sai ya zauna a gida. A 3 kuwa rana ta fito, sama ta yi garau, ƙanƙara sabuwa fes, alhali mutum ɗaya zai iya tayar da gangare guda. Idan wannan ne hunturunka na farko ko na biyu, ka ɗauki 3 a matsayin ranar da ba ka fita daga filin da ake kula da shi sai da ƙwararren jagora.

Kada ka tsaya a kan lambar. A ƙarƙashinta akwai zane mai kama da tauraro da ke nuna fuskokin da haɗarin ya fi yawa, arewa ko gabas ko kudu, da tsayin da ya fara, misali daga mita 2,200 zuwa sama. Ka rubuta su a takarda. Daga nan ka duba wace irin matsala aka ambata, domin guda biyar ne kuma kowace da maganinta:

Sabuwar ƙanƙara. Haɗarinta yana ko'ina, amma yana raguwa bayan kwana ɗaya zuwa uku. Maganinta haƙuri.

Ƙanƙarar da iska ta kwaso ta jibge. Wanda ya taɓa ganin yadda iskar hunturu ke tara rairayi a bayan katanga ya riga ya san wannan: iska tana share gefen da take bugawa, ta zube a gefen da ke ɓoye. Ana iya ganinta da ido a kauce mata.

Tsohuwar shimfiɗa mai rauni da ta binne. Ita ce muguwar. Ba a ganinta daga sama, tana iya ɗaukar makonni ko duk hunturun, kuma ana iya tayar da ita daga nesa, har daga fili mai lebur a gindin gangare. Ta fi yawa a fuskar arewa mai inuwa da kuma shekarun da ƙanƙara ba ta zuba da yawa ba. In ka ga sunanta a rahoto, ka rage burinka ƙwarai.

Jiƙaƙƙiyar ƙanƙara, wadda rana ko ruwan sama ke kawowa, musamman a Maris da Afrilu. Maganinta sammako da dawowa da wuri.

Ta biyar ita ce wadda dukan shimfiɗar ke sulalewa a kan ciyawa ko santsin dutse. Alamarta tsaga mai kama da bakin kifi. Ba a tsayawa a ƙarƙashinta.

3. Zana hanya a taswira

Da rahoton a hannu, ka buɗe taswirar da ke rina gangare da launi gwargwadon tsaurinsa. Taswirar gwamnatin Suwizalan tana yin haka kyauta, manhajar White Risk ta SLF ma tana yi. Allo ba ya cika tasowa a gangaren da bai kai digiri 30 ba. Mafi yawa tsakanin 30 da 45 suke, kuma sun fi taruwa a wajen 38.

Jagoran tsauni ɗan Suwizalan Werner Munter ya fitar da ƙa'ida mai sauƙi da har yanzu ake koyarwa: a mataki na 2 ka tsaya ƙasa da digiri 40, a na 3 ƙasa da 35, a na 4 ƙasa da 30. Ni ga sabon shiga nakan ce ya rage biyar daga ta farko da ta biyu. Ƙasa da digiri 30 akwai tafiya mai daɗi da za ta ishe ka shekaru.

Gargaɗi: ba inda ƙafarka take kaɗai ake aunawa ba. A mataki na 3 ka lissafa dukan gangaren da ke samanka, ko da kai kana tafiya a lebur. Ka kuma duba abin da ke ƙasanka. Kwazazzabo ko rafi mai zurfi yana tara ƙanƙara ya binne mutum mita uku ko huɗu, daji yana karya ƙashi, gaɓar dutse kuma ba sai an faɗa ba. Ƙaramar zaftarewa a irin waɗannan wurare ta fi babba a buɗaɗɗen fili kisa.

Ka sa alama a wurare biyu ko uku da suka fi tsauri, ka ce a nan za mu tsaya mu yi shawara. Ka tanadi hanya ta biyu mai sauƙi tun a gida, ka kuma sa lokacin juyawa. Wanda bai tanadi hanya ta biyu ba, in ya isa wurin ba ya da zaɓi sai gaba.

4. Gwajin na'ura a bakin hanya

Na'urar tana da aiki biyu, aika sigina da nemansa. Mutum ɗaya ya tsaya, ya sa tasa a nema, sauran su wuce ta gabansa ɗaya bayan ɗaya, ya tabbatar kowa tasa tana aikawa. Daga ƙarshe ya mayar da tasa kan aikawa, wani ya duba masa. Batir in ya yi ƙasa da rabi a canja shi. Na'urar a jiki ake ɗaura ta, ƙarƙashin rigar sanyi, ba a jaka ba, don jaka tana iya tsinkewa ta yi nata wuri. Waya ta yi nesa da ita da aƙalla santimita 20, in ana nema kuma 50, saboda tana rikita sigina.

5. Buɗe ido da kunne tun daga taku na farko

Rahoto na yanki ne mai faɗi, kai kuwa a kwari ɗaya kake. Tsaunin da kansa zai gaya maka ko rahoton ya dace da inda kake. Alamu uku ne manya.

Zaftarewa sabuwa, ta yau ko ta jiya, a fuska da tsayi irin na hanyarka. Babu shaidar da ta fi wannan. In gangaren da ke kallon gabas ya zube a can, naka mai kallon gabas ɗan'uwansa ne.

Ƙarar "wum" a ƙarƙashin ƙafa, kamar an buga ganga a cikin ƙasa, wani lokaci har ka ji wurin ya ɗan nutse da kai. Shimfiɗa mai rauni ce ta karye, iskar cikinta ta fita. A lebur da babu gangare a samansa ba abin da zai faru, amma da a gangare ne da allon ya tafi. Ranar da na fara jinta, a wani fili da ban ɗauke shi komai ba, gwiwoyina sun yi sanyi, muka juya muka bi hanya ta biyu ba tare da gardama ba.

Tsaga da ke gudu daga bakin katakon zamiyarka ko takalminka, ta yi mita ɗaya ko goma. Allo ya haɗu, kuma a shirye yake.

Ɗaya daga cikin ukun nan ya isa: ranar ba a taka digiri 30, ba a kuma bi ta ƙarƙashinsa.

Sai ƙananan alamu. Ka auna sabuwar ƙanƙarar da ta zuba. Santimita 10 zuwa 20 ma haɗari ne in ta zo da iska mai ƙarfi da tsananin sanyi a kan tsohuwa mai santsi. In babu iska kuma ta zuba da ɗan ɗumi, sai ta kai 30 zuwa 50 kafin ta zama abin tsoro. Ka dubi ƙololuwa: in kana ganin ƙura fara tana tashi daga kanta kamar hayaƙi, iska tana aikin jibgewa a lokacin. Leɓen ƙanƙarar da ke leƙowa daga saman tudu yana nuna gefen da aka jibge, wato ƙarƙashinsa. Jibgaggiyar ƙanƙara ba ta ƙyalli, ta yi sumul kamar matashin kai, in ka taka takan yi ƙara kamar akwai rami a ciki. Kada ka matsa bakin leɓen nan daga sama, yakan karye a baya fiye da inda ido ke zato.

A bazara lissafin ya koma na agogo. In dare ya yi garau, saman ya daskare ya yi ɓawo mai ɗaukar mutum. In gajimare ya rufe sama ko an yi ruwa, bai daskare ba, kuma tafiyar ta lalace tun kafin a fara. Rana tana fara narkar da fuskar gabas, sai kudu, sai yamma. Da zarar takalminka ya fara nutsewa ya wuce idon sawu a jiƙaƙƙiyar ƙanƙara, ko ka ga ƙwallaye suna gangarowa da kansu, lokacin barin wurin ya yi.

6. Auna tsaurin gangare a wurin

Ido yana yaudara, musamman a farin wuri. Waya tana da ma'aunin karkata: ka kwantar da sanda a kan ƙanƙara ta bi hanyar da ruwa zai gangara, ka ɗora wayar a kai. In sanyi ya kashe batir, sandunan hannunka biyu sun isa. Ka kwantar da ɗaya ta bi gangaren, mariƙinta yana wajen gangarowa, ta bar shaida. Ka ɗaga mariƙin, tsininta yana inda yake. Ka haɗa mariƙin ta biyu da na farko ka bar ta ta rataya, ka sauke a hankali har tsininta ya taɓa ƙanƙara. In ya sauka daidai ƙarshen shaidar, digiri 30 ne. Duk santimita 10 da ya wuce ƙasa, ka ƙara digiri 3.

Gargaɗi: wurin da ya fi tsauri ake lissafawa, ba matsakaicin gangaren ba. Kuma kada ka shiga tsakiyar wurin da kake shakka don ka auna shi.

7. Haƙa rami, da sanin iyakarsa

Ka zaɓi ƙaramin gangare da ba zai cutar ba ko ya zube, ƙasa da digiri 30, mai fuska da tsayi irin na wanda kake son hawa, nesa da itatuwa da sawun mutane. Ka soka sanda mai naɗewa ka ga zurfin wurin matsakaici ne. Ka haƙa mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, faɗi wajen mita ɗaya da rabi, ka gyara bangon sama ya miƙe sumul. Nauyin mutum ba ya cika ratsa abin da ya wuce mita ɗaya, shi ya sa mitar farko ce abin dubawa.

Ka shafa bangon da safar hannu daga sama zuwa ƙasa, shimfiɗun za su fito. Ka gwada taurin kowace: dunƙulen hannu yana shiga, ko sai yatsu huɗu, ko yatsa ɗaya, ko fensir, ko sai wuƙa. Abin da kake tsoro shi ne mai tauri a kan mai taushi, kamar mai taurin fensir a kan wadda dunƙule ke shiga. Ka ɗebo ta ƙasan a tafin hannu. In tana zuba kamar sukari, ta ƙi dunƙuluwa, ita ce. Irin wannan tana samuwa ne in ƙanƙara ba ta da kauri kuma sanyi ya tsananta, har bambancin zafi tsakanin ƙasa da sama ya kai digiri 1 a kowane santimita 10. Wata kuma siririya ce kamar layin alli, raɓar da ta daskare a dare mai garau sannan aka zuba a kanta. Sai ka kula sosai za ka gan ta.

Daga nan gwaji. Ka yanke ginshiƙi mai faɗin santimita 90 a kwance da 30 zuwa sama, ka raba bayansa da bango da igiya ko zarto, har ƙasa da shimfiɗar da kake zargi. Ka ɗora bakin shebur a gefe ɗaya na samansa. Ka buga sau 10 daga wuyan hannu, sau 10 daga gwiwar hannu, sau 10 daga kafaɗa, kana barin hannun ya faɗo da nauyinsa. Adadin bugun yana da amfani, amma abin da ya fi shi shi ne yadda karayar ta kasance. In ta tsaya a ƙarƙashin shebur, da sauƙi. In ta ratsa dukan santimita 90 lokaci guda, ta fita sumul kamar an ja aljihun tebur, wannan karaya ce mai bazuwa, ko a bugu na 25 ta zo.

Gargaɗi, kuma a nan ne masu ɗan ilimi suke halaka: rami yana iya hana ka, amma ba ya ba ka izini. Mita goma daga inda ka haƙa, allon yana iya zama siriri kusa da dutse, a nan kuma zai karye. In rahoto ya ce 3 da tsohuwar shimfiɗa mai rauni, raminka kuma ya fito lafiya, rahoton za ka bi. Ka cike ramin kafin ka tafi, kada wani ya faɗa.

8. Shawara a gindin gangare

A kowace alamar da ka sa a taswira, ku tsaya a wuri mai aminci ku yi magana da baki: digiri nawa ne, wace fuska, tana cikin waɗanda rahoto ya ambata, me muka gani a hanya, in ya zube ina zai kai mu. Kowa ya faɗi nasa, kuma in mutum ɗaya ya ce bai yarda ba an fasa.

Wannan ya fi yi mana wuya, mu da aka rena da kara. Kai baƙo ne, su suka gayyace ka, su aka haifa a gindin tsaunin, sai ka ji nauyin cewa a koma. Tsoro na daji, kunya na gida. Ka faɗa. Haihuwa a Tirol ba ta sa mutum ya ga abin da ke ƙarƙashin ƙanƙara, kuma sawun waɗanda suka riga ku ba hujja ba ne, don gangare yakan bar mutum biyar su wuce ya tafi da na shida.

In an yarda a wuce, a bar tazarar mita 10 tsakanin mutum da mutum wajen hawa. Wajen sauka a ƙara ta sosai, daga digiri 35 kuma ɗaya bayan ɗaya, sauran suna kallonsa daga gefe. Wurin taruwa ya zama a kan tudu ko bayan babban dutse, ba a tsakiyar gindin gangaren ba.

9. In ta faru

Wanda ya binne gaba ɗaya, in an fito da shi cikin minti 15 na farko, mafi yawa suna raye. Bayan minti 35 kusan ɗaya cikin uku ne kawai. Jirgin ceto ba ya cika isowa a cikin wannan lokaci, saboda haka ku ne masu ceton. Ka riƙe da ido inda ka gan shi na ƙarshe. Ka tabbatar wata ba za ta biyo baya ba. Kowa ya mayar da na'urarsa kan nema, domin mutum ɗaya da ya manta zai sa a yi ta binsa a banza. Mutum ɗaya ya kira lambar gaggawa 112, ko 1414 a Suwizalan, ko 140 a Ostiriya. In ku biyu ne kacal, ka fara nema.

Ka bi sigina da sauri. Daga mita 3 ka rage gudu, ka sauke na'urar dab da ƙanƙara, ka nemo inda lambar nisa da take nunawa ta fi ƙanƙanta. Daga nan ka riƙa soka sanda mai naɗewa a zagaye, tazarar santimita 25. In ka taɓa shi ka bar sandar a wurin. Kada ka haƙa daga samansa kai tsaye. Ka koma ƙasan gangare da kimanin zurfinsa sau ɗaya da rabi, ku haƙo zuwa gare shi kuna karɓa-karɓa, domin mutumin da ke zurfin mita ɗaya sai an kwashe fiye da tan guda kafin a kai gare shi. Fuska ake fara buɗewa, a share baki da hanci, sannan a rufe shi da abin ɗumi a motsa shi a hankali.

Wannan matakin ba a koyonsa a takarda. Ƙungiyoyin masu hawa na Ostiriya da Jamus da Suwizalan da Faransa duk suna shirya horon kwana ɗaya zuwa uku a farkon hunturu, kuma filayen zamiya da dama suna da wurin gwaji inda aka binne na'urori. Kafin fitarka ta farko, ka sa na'ura a jaka, abokinka ya binne ta ba ka gani, ka nemo ta ka haƙo yana riƙe da agogo, ku yi ta maimaitawa har ka sauko ƙasa da minti 10.